Daren da rediyo ya sauko da mutanen Mars: darasi ga ajinmu da gidajenmu

Kowace shekara nakan ba ɗalibaina labarin wani wasan kwaikwayo na rediyo, kuma ina ganin ya kamata kowane malami da kowane uba ya san shi.

A shekarar 1898 marubucin Ingila H. G. Wells ya fitar da littafinsa The War of the Worlds, wato yaƙin duniyoyi. Almara ce: wasu halittu daga duniyar Mars suka sauka kusa da Landan cikin injuna masu ƙafa uku, suna ƙone duk abin da ya tare musu hanya. Bindigar ɗan Adam ta kasa, sai ƙwayoyin cuta suka gama da su.

Ran 30 ga Oktoba 1938, Orson Welles, saurayi ɗan shekara 23, ya mai da littafin wasa a gidan rediyon CBS na Amurka. Ya ɗauke labarin daga Ingila ya kai shi wani ƙauye na jihar Niyu Jazi, ya kuma sa masa rigar labarai. Ana cikin kiɗa sai a katse da sanarwar gaggawa, ga wakili yana magana daga wurin da abin ya faɗo, ga masani yana bayani, ga ihun jama'a, sai tsit. An faɗa tun farko cewa wasa ne, amma wanda ya kunna rediyo a tsakiya bai ji ba. Wata guda kafin nan mutane sun saba jin ana katse shirye-shirye saboda rikicin Hitila a Turai, don haka wasu suka ɗauka Jamusawa ne suka kawo hari.

Ƙarya ta biyu kuwa daga jaridu ta fito. Washegari suka cika shafukansu da cewa ƙasa duka ta ruɗe. Alhali binciken da aka yi ta wayar tarho a daren, a gidaje 5,000, ya nuna kashi 2 cikin 100 ne kawai suka ce wannan wasa suke saurare. An tsorata, amma ba kamar yadda aka zuzuta ba.

Kada mu ce abin dariya ne. A watan Fabrairun 1949 wani gidan rediyo a Kito, babban birnin Ekwado, ya maimaita dabarar da sunayen garuruwan ƙasar. Da jama'a suka gane wasa ne, sai fushi ya maye gurbin tsoro, suka cinna wa ginin wuta, aka yi asarar rayuka.

Wasu iyaye za su ce to a raba yara da irin wannan tatsuniya. Ban yarda ba. Littafin ya yi shekara 40 a hannun mutane bai kori kowa daga gidansa ba. Abin da ya ruɗa mutane shi ne muryar mai karanta labarai da aka ara. Mu da muka tashi da "ga ta nan, ga ta nanku" mun san amfanin alama: da ka ji ta, ka san Gizo ne tafe. Welles ya yi tasa alamar, amma ta wuce da sauri, rigar labarai ta rufe ta.

Yau wannan dabara tana cikin aljihun ƴaƴanmu. Saƙon murya a WhatsApp, mutum na haki yana cewa da idonsa ya gani, babu suna, babu rana, babu wuri. Kafin la'asar ya zagaya daga Maraɗi zuwa Damagaram.

Ga abin da nake yi a aji. Nakan sa ɗalibai su shirya guntun wasa na minti biyar da sigar labarai, su ɗauka a waya, sauran su saurara su gano inda aka yaudare su. Sannan mu rubuta tambayoyi uku a allo: wa ke magana, ina ya samo, wa kuma ya faɗi haka ban da shi? Yaron da ya taɓa ƙera ƙarya da bakinsa a aji yakan gane ɗinkinta in ya ji ta a waje.

Iyaye, ku ma ku gwada a gida. In saƙo mai tada hankali ya shigo, ku yi wa yaran tambayoyin nan uku kafin kowa ya tura shi gaba. Masu gidajen rediyonmu kuma, ku ba mu irin waɗannan wasanni da Hausa, muna so, amma ku riƙa maimaita cewa wasa ne domin wanda ya kunna a tsakiya.