Motar da aka tsayar, gyara ne kaɗai zai tashe ta



Duk mai bin hanyar Damagaram zuwa Tanut, ya zarce Aderbisinat har Agadas, ya san abin da ke faruwa a shinge. Jami'i ya ɗaga hannu, mota ta tsaya. Ya zagaya ya ga taya ta cinye har waya ta fito, fitila ɗaya ce ke kamawa, kaya sun yi tsiri, ga mutane zaune bisa buhuna. Ya ce motar nan ba ta wucewa. Direba ya koma gefe ya kira mai mota. Mai mota ya kira wani, wanin ya kira na gaba da shi. Kafin a jima an ɗage shinge. Taya tana nan yadda take, birki yana nan yadda yake. Ba abin da ya tashi motar nan sai wayar mai mota.

To wannan waya ita ce ke kashe mana mutane. Mai mota biyar, mai mota goma, yana zaune cikin gari, ya san wace ce a cikinsu ba ta da birki, domin direba ya faɗa masa tun kafin a yi lodi. Amsar da yake bayarwa kullum ɗaya ce: "Lallaɓa ka je ka dawo, sai mu gyara." Direba yana tsoron a karɓe makulli a ba wani, sai ya lallaɓa. In an yi tara, daga aljihunsa za ta fita. In an kife, shi da karen mota da fasinja ne a ƙasa.

Doka kuwa tana nan. Tun shekarar 2005 ƙasashen UEMOA, har da Nijar, suka amince da ƙa'ida mai lamba 14, wadda ta ƙayyade nauyin manyan motoci, ta ce tsayinsu kada ya wuce mita 4, kuma wadda aka kama da lodi fiye da kima ba ta motsawa sai an sauke rarar. Ga shi tun da matatar mai ta SORAZ ta fara aiki a 2011, a nan cikin gundumar Tanut, tankokin mai suke kai da kawowa a kan kwaltar da ƴan kasuwar Bakin Birji ke bi. Ba mu manta tankar da ta kama wuta a Yamai cikin watan Mayun 2019 ba, inda fiye da mutum 50 suka rasu.

Sai dai akwai abin da ke ci mini rai a tsayarwar kanta. An tsayar da mota a daji cikin zafin bazara, to ina za a kai mutanen da ke cikinta? Tsohuwa ta taso daga wani ƙauyen Belbeji za ta asibiti Damagaram, mai goyo ruwan jarkarta ya ƙare, ba rumfa, ba inuwa. Su da bakinsu za su taru suna roƙon jami'i: "Don Allah ranka ya daɗe, yi haƙuri ka bar mu mu tafi." Da wannan roƙo mai mota yake fakewa. Ya kamata wanda ya karɓi kuɗinsu ya turo wata mota ta kwashe su, a kan kuɗinsa. A kuma samu fili a gefen hanya inda za a ajiye motar, kada a bar ta a bakin kwalta da ƴan rassan itace a baya, dare ya yi wata ta zo ta afka mata.

Ina roƙon hukumar kiyaye haɗurran hanya ta ANISER da shugabannin tashoshin Tanut da Belbeji su zauna tare. A rubuta laifin motar a takarda, da lambarta, da sunan mai ita. Kwafi ɗaya ya je tasha, kada a sake yi mata lodi sai makanike ya gyara, jami'i ya gani da idonsa ya sa hannu. Wanda aka kama motocinsa sau biyu, sau uku da laifi iri ɗaya, a bi sauran a duba su tun suna gareji. Jami'in da ya ƙi sauraron wayar mai mota kuma, manyansa su tsaya masa.

Alhaji mai motoci, kai nake roƙo. Direbanka ya faɗa maka birki ba ya ci. Ka sayi tayar, ka gyara birkin, ka ajiye wayar nan.