Konni, Dutsi da MFQ: wa ke da ikon gajarta sunan gari?

A tashar motar Maraɗi ba kasafai ake jin ƴan kamasho suna kiran "Birnin Konni" ko "Dogondutsi" ba. "Konni" da "Dutsi" suke cewa, kuma fasinja ba ya kuskure mota. Wasu ɗalibai na ganin wannan gajartawa cin fuska ce ga tarihin gari. Wasu kuma na kafa hujja da Ferdinand de Saussure, su ce tunda babu alaƙar dole tsakanin kalma da abin da take nufi, kowa na iya yanke suna yadda ya ga dama. Duka ɓangarorin biyu sun zarce iyaka.

Babu shakka littafin darussan Saussure, wanda aka buga a 1916, ya nuna cewa yarjejeniya ce kawai ke ɗaure sauti da ma'ana. Lambar filin jirgin saman Maraɗi ta ishe mu misali: MFQ, alhali babu F babu Q a sunan garin, kuma kayan matafiyi suna isa. Amma littafin ya ƙara da cewa mutum ɗaya ba shi da ikon canza alamar da al'umma ta riga ta karɓa. "Konni" ta zauna ne saboda dubban bakuna sun amince da ita, kuma ba ta rikita kowa. Birnin Kebbi kuwa ba ya gajartuwa haka, domin tun 1991 "Kebbi" sunan jiha ce guda a Najeriya.

Har wa yau, Saussure ya yarda cewa wasu kalmomi suna ɗauke da dalilinsu a jikinsu, kuma sunayen garuruwan Hausa da yawa haka suke. Dogondutsi yana siffanta dutsen da ke tsaye a kan garin. Idan aka cire "dogo", siffar ta tafi, sunan kuma ya yi kama da Dutsen Jigawa.

Saboda haka kamata ya yi a bar wa baki gajartawarsa, domin mahalli yana cike abin da aka yanke. Rubutu ba shi da wannan gata, don mai karanta shi bayan shekara hamsin ba ya cikin tashar. A kundin bincike, taswira da littafin makaranta, wajibi ne ɗalibin kimiyyar harshe ya rubuta cikakken suna da ƙa'idar Hausa: Dogondutsi, Gidan Rumji, Birnin Konni.