Sanatocin Kano daga 1999: mun san gidan da suke, ba mu san ƙuri'ar da suka kaɗa ba

1/ Jiya a teburin mai shayin layinmu aka kusa ba hammata iska a kan wane sanata ne ya fi yi wa Kano aiki. Na ce tsaya, tambaya ɗaya: kowa ya faɗa min doka guda ko ƙuri'a guda da gwaninsa ya kaɗa a zauren majalisa. Wurin ya yi tsit, sai ƙarar cokali a kofi. Shi ya sa na buɗe wannan zaren. Yana da tsawo, mai gajen haƙuri ya wuce kawai. 🧵

2/ Majalisar Dattawa kujeru 109 ce, Kano na da 3. Kano ta Tsakiya mai ƙananan hukumomi 15, ta Arewa 13, ta Kudu 16. Mutum uku ke magana da yawun miliyoyinmu a Abuja. Kuma tun 1999 ba a taɓa samun mace ko ɗaya a cikinsu ba, wannan ma zancen wata rana ne.

3/ Mu fara da Kano ta Tsakiya, don a nan abin ya fi fitowa fili.
1999: Ibrahim Kura Mohammed
2003: Rufa'i Sani Hanga
2007: Mohammed Adamu Bello
2011: Bashir Garba Lado
2015: Rabi'u Musa Kwankwaso
2019: Ibrahim Shekarau
2023: Hanga ya dawo, bayan shekara 16.
Zaɓe bakwai, ba wanda ya taɓa yin biyu a jere.

4/ Na sha jin 'yan birni na alfahari da wannan. Wai mu wayayyu ne, in ba ka yi aiki ba sai mu kore ka. Malam, a daina yaudarar kai. Yaushe muka zauna muka auna aikin wani muka kore shi? Guguwa ce ke kawo su, guguwa ke kwashe su. A 2003 aka ce ANPP sak, muka yi sak. A 2015 aka ce APC sak, muka sake yi. Kujerar a teburin manya ake raba ta, mu namu dangwale.

5/ In kana musu, ga 2023. Shekarau ya bar APC ya shiga NNPP a Mayun 2022, aka ba shi takarar sanata. Kafin ƙarshen Agusta ya fice ya koma PDP, kowa ya ji a rediyo. Amma sunansa ya ci gaba da zama a takardun INEC. Ranar zaɓe jama'a suka yi dafifi suka dangwala wa kayan marmari, INEC ta ce Shekarau ne ya ci. Sai da Kotun Ƙoli ta ce a'a, Hanga ne ɗan takarar.

6/ Ku sake karanta na 5 a hankali. Mutumin da ya bar jam'iyya wata shida kafin zaɓe shi aka sanar ya lashe kujerarta. Dubun dubatar mutane sun kaɗa ƙuri'a alhali maganar wanda zai zauna a kujerar tana gaban alƙalai. Ban ga laifin Shekarau ko Hanga a nan ba. Mu ne muka nuna wa duniya cewa ko wa aka liƙa a bayan alamar, za mu zaɓa.

7/ Sai maganar tsofaffin gwamnoni. Kabiru Gaya ya yi gwamna daga 1992 zuwa 1993, ya tafi majalisa a 2007. Kwankwaso ya sauka a 2015, a shekarar ya zama sanata. Shekarau ya sauka a 2011, ya shiga a 2019. Uku ke nan.

8/ A Jamhuriya ta Biyu abin a juye yake. Sabo Bakin Zuwo sanata ne na PRP daga 1979 zuwa 1983, lokacin Jigawa na cikin Kano kuma kowace jiha na da sanata 5. Daga majalisa ya taho ya zama gwamna, duk da wata uku kacal ya yi sojoji suka kifar da su. Wato a da majalisa wurin da ake yin suna ce. Yanzu ta koma rumfar da babba ke shan inuwa kafin zaɓe na gaba ya zo.

9/ Kar wani ya ce na zagi jagoransa. Tsohon gwamna na da 'yancin tsayawa kamar kowa, gogewarsa ma na iya amfani. Abin da nake cewa: mutumin da idonsa ke kan kujerar shugaban ƙasa, ko kan wa zai gaji gidan gwamnati a Kano, ba lallai ya zauna yana bin kasafin kuɗi layi-layi a ɗakin kwamiti ba. Kuma aikin sanata ke nan. Aiki ne mai gundura, babu kiɗa, babu jiniya.

10/ Dubi rawar da aka yi a kan kujera ɗaya. Kwankwaso ya ci a APC, Yulin 2018 ya koma PDP da kujerar a hannunsa. Shigowarsa ta sa Shekarau ya bar PDP ya tafi APC, ya ci wannan kujerar dai a 2019. A 2022 suka haɗu a NNPP na 'yan watanni, suka sake rabuwa. A Kano ta Kudu ma Kawu Sumaila ya ci a NNPP a 2023, a 2025 ya koma APC.

11/ Sashe na 68 na kundin tsarin mulki ya ce ɗan majalisar da ya bar jam'iyyar da ta kawo shi ya rasa kujerarsa, sai in jam'iyyar ta dare gida biyu. To a Najeriya duk mai son tafiya sai ya hango ɓaraka. Mu kuma maimakon mu tambaya da izinin wa aka tafi da ƙuri'armu, sai mu canza hula da hoton fuskar shafi, mu bi.

12/ Kano ta Arewa da ta Kudu nasu salon daban ne, can zama ake yi. A Arewa kusan mutum biyu ne tarihin gaba ɗaya: Bello Hayatu Gwarzo daga 1999 har 2015, in ka cire ɗan zaman da Aminu Sule Garo ya yi bayan zaɓen 2007 kafin kotu ta mayar da Gwarzo. Sai Barau Jibrin daga 2015. A Kudu: Mas'ud El-Jibrin Doguwa, Usman Kibiya Umar, sai Gaya shekara 16 cur, sannan Kawu.

13/ Daɗewa ba laifi ba ce. A majalisa tsohon hannu ke samun manyan kwamitoci. Gwarzo ya yi bulaliyar majalisa. Gaya ya riƙe kwamitin ayyuka, daga baya na INEC. Barau ya riƙe kwamitin kasafin kuɗi, a 2023 ya zama mataimakin shugaban majalisar. Ba ƙananan kujeru ba ne wallahi. Tambayar ita ce me aka yi da su ranar da aka zo yanke hukunci.

14/ Ga rana ɗaya da ya kamata kowane matashi ya sani: 15 ga Yuli, 2021. Ana gyaran dokar zaɓe. Kwamitin INEC, wanda Gaya ke shugabanta, ya kawo shawarar a bar INEC ta riƙa tura sakamako ta intanet a inda hakan zai yiwu. Sai aka kawo gyara: sai hukumar sadarwa NCC ta ce akwai sabis, sannan majalisa ta amince. Wato 'yan takara ne za su ba alƙalin wasa izini.

15/ Aka yi ta hayaniya har Sanata Abaribe ya nemi a kira suna ɗaya bayan ɗaya. 52 suka goyi bayan gyaran, 28 suka ƙi. Gaya na cikin 52 ɗin. Shugaban kwamiti ya kaɗa ƙuri'a a kan kishiyar rahoton kwamitinsa. Sai da ƙasa ta ɗau zafi majalisar ta janye a watan Oktoba. Yana iya samun hujjarsa, ƙauyukan da babu sabis gaskiya ne akwai su. Amma wa ya tare shi a Gaya ko Wudil ya ce ranka ya daɗe, yi mana bayani?

16/ Kun san dalilin da ya sa muka san wannan? Don an kira suna. Galibin ƙuri'un majalisar da murya ake yi: masu e su ce e, masu a'a su ce a'a, a buga guduma. Ba a rubuta wa ya ce me. Sanatanka zai iya shekara huɗu ba ka da shaidar inda ya tsaya a kan bashin da aka ciyo, ko haraji, ko ministan da aka ce ya rusuna ya wuce. Wannan duhun daɗi yake musu, kuma ba mu taɓa cewa a kunna fitila ba.

17/ Don adalci: Barau ne ya ɗauki nauyin ƙudurin kafa Hukumar Raya Arewa maso Yamma, aka sa mata hannu a 2024. Wannan aikin sanata ne na gaske, ko kana son sa ko ba ka so. A nan ya kamata musu ya koma: nawa aka ware wa hukumar, nawa aka saki, ina aka kai. Amma ko yaransa a nan dandalin sun fi ɗora hoton rabon motoci, don shi ke kawo tafi.

18/ Kawu kuma ya yi abin da 'yan kaɗan suka yi. A Agustan 2024 ya faɗa wa BBC Hausa cewa abin da ke shigo masa duk wata, har da kuɗin gudanar da ofis, ya kai naira miliyan 21. Kafin shi Shehu Sani na Kaduna ya ce miliyan 13.5 a 2018. Mafi ƙarancin albashi naira 70,000 ne. Yi lissafi: albashin ma'aikata 300. A shekara miliyan 252. A zango ɗaya ya haura biliyan 1.

19/ To don Allah in an miƙo maka shinkafa kwano biyu da atamfa mai hoto, wa ya yi wa wani alheri? Rijiyar burtsatsen da aka rubuta sunansa a jiki, yawanci aikin mazaɓa ne daga kasafin tarayya. Kuɗinka ne ya zagayo, aka cire na cirewa, aka dawo maka da saura kana kabbara.

20/ Ba daga sama nake magana ba. A wani zaɓe da ya wuce ni ma na yi wa wani ɗan takara sojan baka, ba zan kama suna ba. Ana turo mana kuɗin data da hotuna, mu ɗora, mu zagi duk wanda ya yi tambaya. Wata uku ina wannan aikin ban taɓa jin an ce ga dokar da zai kai majalisa ba, ni ma ban tambaya ba. Har wani abokina na toshe saboda shi. Har yau ba mu dawo daidai ba.

21/ Wani zai ce a yi kiranye mana. Sashe na 69 ya yarda, amma sai fiye da rabin masu rajista a mazaɓar sun sa hannu, INEC ta tantance, sannan a yi ƙuri'ar raba gardama. An gwada a Kogi kan Dino Melaye a 2018, abin ya ruguje tun a wurin tantancewa. Mu da ba ma iya cika layin zaɓe, ina za mu tara wannan? Ƙofar da ta rage mana ita ce kafin zaɓe.

22/ Kafin 2027 duk wanda ya zo neman kujerar nan, ni dai tambaya uku zan yi masa. Za ka riƙa wallafa yadda ka kaɗa ƙuri'a a kan kowane babban ƙuduri, ko da murya aka yi? Za ka fito da jerin ayyukan mazaɓa da kuɗinsu da ɗan kwangilar? In ka bar jam'iyyar da muka zaɓe ka a ciki, za ka ajiye kujerar ka dawo mu sake zaɓa? A yi masa bidiyo yana amsawa, a ajiye.

23/ Yanzu ga fili. Ɗan Kwankwasiyya, ɗan Gandujiyya, ɗan Shekarau, ɗan Maliya, kowa ya kawo min doka ɗaya ko ƙuri'a ɗaya ta gwaninsa, da shekararta. In na yi kuskure a sama a gyara min, zan ɗora gyaran da sunan mai shi. Wanda ya turo hoton rabon babura kuma, ba zan ko amsa ba. 👇