Takin Alade da Ma'aunin Ƙasa: Darasi Daga Gonakin Duniya

Watakila mai karatu ya yi mamakin ganin an kawo maganar alade a wannan shafi, alhali mafi yawanmu ba ma kiwonsa. Dalili shi ne, kashin alade na cikin takin da masana suka fi bin diddiginsa. Sun auna yawan naitirojin da yake zubawa a gonaki, yanki bayan yanki, shekara bayan shekara, kuma abin da suka gano ya shafi duk mai kiwon kaji ko shanu.

Naitirojin shi ne sinadarin da ke sa ganyen masara ya yi kore shar. Amma shuka tana da iyakar abin da za ta iya sha. Abin da ya saura, ƙwayoyin halitta na cikin ƙasa sukan mayar da shi naitiret, ruwan sama ya wanke shi zuwa rijiyoyi da koguna. Wani kason kuma ya tashi sama a matsayin iskar amoniya. Ra'ayina shi ne, yawan dabbobin da ƙasa ta mallaka ba shi ne abin dubawa ba. Abin dubawa shi ne kilo nawa na naitirojin ke sauka a kan kowace hekta.

Mu fara da ƙasar Holan. A wajajen 1960 aladunta kimanin miliyan 3 ne, amma zuwa 1997 sun kai wajen miliyan 15, akasarinsu a yankunan kudu da gabas masu ƙasar rairayi. A wancan lokaci ana ciyar da su da abincin da jiragen ruwa ke shigowa da shi, irin su waken suya da rogo. Wato naitirojin na gonakin wasu nahiyoyi ne ya zo ya taru a 'yar ƙaramar ƙasa. Tun a 1984 gwamnati ta kafa dokar hana faɗaɗa gidajen kiwon aladu da kaji, a 1998 kuma ta tilasta wa manoma rubuta lissafin sinadaran da ke shiga gona da waɗanda ke fita.

A Faransa, in aka raba takin ga faɗin ƙasar baki ɗaya, sai a ga kamar babu matsala. To, amma fiye da rabin aladun ƙasar suna lardi guda ne, wato Biretan, a arewa maso yamma. Tun shekarun 1970 koren gansakuka ke cika gaɓar tekun lardin, har a 2009 wani doki ya mutu saboda gubar iskar da ruɓaɓɓen gansakukan ya fitar. Wannan ya nuna yadda matsakaicin lissafi na ƙasa kan ɓoye gaskiya.

Danmak ce ta ba da misali mai ƙarfafa gwiwa. Bayan ƙarancin oksijin ya kashe halittun ruwa a tekun Kategat a 1986, ƙasar ta fito da shiri na musamman a 1987. Aka wajabta gina manyan tankunan ajiye taki na watanni, aka taƙaita watsa shi lokacin hunturu da shuka ba ta girma, aka kuma sa manomi ya rage takin zamani gwargwadon na dabbobin da ya zuba. Cikin shekaru kamar 20 naitirojin da ke tsiyayewa daga gonaki ya ragu da kusan rabi, ba tare da kiwon ya durƙushe ba.

A Amurka, aladun jihar Karolina ta Arewa sun tashi daga miliyan 2 da ɗoriya zuwa kusan miliyan 10 cikin shekarun 1990. A 1995 wani tafkin tara kashi ya fashe, galan miliyan 25 suka kwarara cikin kogi, kuma a 1997 aka dakatar da gina sababbin manyan gidajen kiwo. Ƙasar Sin kuwa, mai kimanin rabin aladun duniya, ta shafe ƙarnoni manomi yana ajiye alade ɗaya ko biyu domin takin gonarsa. Da kiwon ya koma manyan gidaje marasa gonaki, sai abin da a da arziki ne ya zama sharar da ake neman inda za a kai.

Ga lissafi domin ɗalibai. Dokar Tarayyar Turai ta 1991 ta ƙayyade kilo 170 na naitirojin daga takin dabbobi a kowace hekta a shekara, a yankunan da ruwansu ke cikin haɗari. Mu ƙaddara kowane gurbin alade mai ƙiba yana fitar da kilo 10 a shekara. Gidan kiwo mai aladu 1,000 zai fitar da kilo 10,000, ke nan yana bukatar gona ta kusan hekta 59. In ba shi da ita, rarar za ta ƙare a ruwan shan maƙwabta.

Wani zai ce matsalarmu akasin wannan ce, domin gonakinmu yunwar taki suke yi. Gaskiya ne. Taron Abuja na 2006 ya nuna manomin Afirka kan zuba kilo 8 kacal na takin zamani a hekta, aka yi burin kai shi 50. Sai dai ita ma Faransa tana da gonakin hatsi masu sayen takin zamani, alhali Biretan na fama da rara. Yunwa da ƙoshi suna iya zama a ƙasa ɗaya. Manyan gidajen kiwon kaji da ke kewaye Kano da Kaduna suna iya tara taki wuri guda, yayin da gonakin karkara ke rama.

Saboda haka ya kamata duk mai neman izinin kafa babban gidan kiwo ya nuna gonar da takinsa zai je, da lokacin da za a zuba shi. Malamai kuma su sa ɗalibai su yi irin lissafin nan a kan gidan kiwon da ke kusa da makarantarsu. Hausawa sun ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.