Ƙashi Yana Da Kwanakinsa

Godiya ta tabbata ga Ubangiji wanda ya halicci ɗan Adam, ya tsayar da shi bisa ƙafafu biyu, ya hore masa bayan ƙasa domin ya yi tafiya ya nemi abincinsa. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, da alayensa, da sahabbansa. Bayan haka, maganar wannan mako a kan karayar ƙafa take, da yadda ya kamata a yi jinyarta, musamman ga jama'ar ƙasashen Wurno da Rabah da Goronyo, waɗanda yawancinsu ƙafa ce jarinsu.

Duk wanda ya san wannan yanki ya san haka. Manomin shinkafa da albasa da tafarnuwa a fadamun Wurno a tsaye yake yini. Makiyayi yakan bi dabbobinsa tun hantsi har almuru. Mai noman rani a ƙarƙashin madatsar ruwan Goronyo, da ɗan dako a kasuwar Achida, da ɗan kabu-kabu, da samarin da ke kokawa bayan kaka, da waɗanda ke ƙwallo da la'asar, dukkansu in ƙafa ta karye sana'a ta tsaya, tukunya ma ta tsaya. Kakanninsu kuwa da ƙafa suka je Gwanja fataucin goro, da ƙafa waɗansu suka nufi gabas zuwa aikin Hajji. Saboda haka maganar ƙafa a nan ba ƙaramar magana ba ce.

To, akwai waɗansu mutane a duniya da suka mai da doguwar tafiya sana'a, watau masu gudun fanfalaki, waɗanda kan yi tseren kilomita 42 da 'yan kai ba tare da tsayawa ba. Ba mai kula da lafiyar ƙafarsa kamarsu, ba kuma wanda karaya ke yi wa ɓarna kamarsu. Labarin biyu daga cikinsu ya isa abin lura.

Na farko shi ne Abebe Bikila, mutumin Habasha, soja ne cikin dogaran Sarki Haile Selassie. A shekarar 1960, a wasannin Olamfik na birnin Rum, ya yi wannan tsere da ƙafa tsirara ba takalmi, ya zo na ɗaya. A 1964 a Tokyo ya sake cinyewa, alhali kuwa ba a cika mako 6 da yi masa aiki a ciki ba. Shi ne mutum na farko da ya ci wannan tsere sau biyu a Olamfik, har duniya ta ɗauka jikinsa ba ya jin wahala. Da 1968 ta zo, ana shirin tseren Meziko, sai ƙafarsa ta hagu ta kama ciwo. Likitoci suka duba, suka tarar ƙaramin ƙashin ƙwaurinsa ya tsage. Duk da haka ya shiga fage, amma tun bai kai rabin hanya ba ya fita, abokinsa Mamo Wolde ya ci. Wannan ne tserensa na ƙarshe, gama a 1969 ya yi haɗarin mota wanda ya hana shi tafiya, ya rasu a 1973.

Ta biyu wata Ba'amurkiya ce, Deena Kastor, wadda ta sami lambar tagulla a Olamfik na 2004 a ƙasar Girka. A 2008, a birnin Beijing na ƙasar Sin, ba ta wuce kilomita 5 da fara tsere ba sai wani ƙashi ya karye a ƙafarta, ta tsaya nan take. Ta koma gida ta yi jinya, ta ɗauke wa ƙafar nauyi har ƙashin ya haɗe, sa'an nan ta fara motsa ta sannu a hankali. A 2009 ta koma fage. A 2015, tana da shekara 42, ta gama tseren birnin Shikago cikin awa 2 da minti 27 da daƙiƙa 47, lokacin da har yau 'yan mata da yawa masu ƙuruciya ba sa iya kaiwa.

Ba wanda zai ce Abebe ya gaza ta jarumtaka, ya ma fi kowa. Amma ƙashi bai san jarumi ba. Kwanakin da Allah ya ɗibar masa na haɗewa su ne kwanakinsa, ko a jikin sarki ko a jikin talaka, kuma wanda ya rage masa su, shi zai biya.

Ga yadda abin yake a wurin masana. Ƙafar mutum ɗaya, daga idon sawu zuwa yatsu, ƙasusuwa 26 ne a cikinta, kuma 5 daga cikinsu dogaye ne, sun miƙe daga tsakiyar ƙafa zuwa gindin yatsu. Waɗannan su suka fi yawan karyewa ga matafiya. Wani lokaci faɗuwa ce ko bugu ke karya su, wani lokaci kuwa yawan takawa ne kurum, ƙashin ya riƙa gajiya yau da gobe har ya tsage kamar tukunyar da ta daɗe bisa murhu. Likitocin soja ne suka fara bayyana wannan irin tsagewa a ƙasar Jamus tun 1855, da suka ga ƙafafun kurata suna kumbura bayan dogon maci. Alamarta ciwo ne a wuri guda, wanda in an danna da yatsa sai mutum ya zabura, yana ƙaruwa da tafiya, yana lafawa da hutu. Sau da yawa mutane sukan ce targaɗe ne, su shafa mai su ci gaba, har ƙaramar tsaga ta zama cikakkiyar karaya.

In ƙashi ya karye, jini ne ke fara taruwa ya daskare a wurin. Cikin makonnin farko sai wani nama mai kama da guringuntsi ya tsiro ya riƙe bakunan biyu, daga baya ya taurare ya zama ƙashi, kana jiki ya yi watanni yana gyara shi yana sassaƙe shi. Ga baligi mai lafiya, dogayen ƙasusuwan nan na ƙafa sukan ɗauki mako 6 zuwa 8 kafin su haɗe. Gindin wanda ke gefen ƙaramin yatsa kuwa akwai inda jini ba ya isarsa sosai, yakan kai wata 3 ko fiye, wani sa'in ma sai an sa masa ƙarfe. Babban haɗarin yana nan: zafi yakan tafi tun ƙashi bai yi ƙwari ba. Mai jinya ya ji sauƙi a mako na 3, ya ga damina ta kankama ko kasuwa na ci, ya ajiye sanda ya taka, ɗanyen haɗin ya rabu, aiki ya koma ɗanye. Sauri ya haifi nawa.

A nan ne maganar maɗora ta shigo. Ba daidai ba ne a raina su. Sana'a ce ta gado, kuma tun kafin a gina asibiti ko ɗaya a ƙasar Hausa su ne suka tayar da dubban mutane. Suna kusa da jama'a, ba sa tsawwala kuɗi, wasunsu ma sadaka kaɗai suke karɓa, kuma karayar da ba ta goce ba sau da yawa takan warke a hannunsu. Amma akwai abin da hannu ba ya gani, komai gwanintarsa. Ba ya ganin ko ƙashin ya farfashe, ko tsagar ta shiga cikin gaɓa, ko ta faɗa wurin nan mai ƙarancin jini. Hoton ƙashi, wanda wani Bajamushe ya gano hanyarsa a 1895, shi ke nuna wannan cikin 'yan mintoci. Ko shi ma, in tsagewar gajiya ce, yakan yi mako 2 ko 3 bai nuna ta ba, don haka in ciwo ya ƙi tafiya sai a sake ɗauka.

Abin da ya fi muni shi ne ɗauri mai tsanani. Ƙafar da ta karye dole ta kumbura. In an jera mata kara an tamke da ƙarfi, kumburin ba shi da wurin zuwa, sai ya matse hanyoyin jini, naman ya mutu. Likitocin ƙashi a Arewa sun daɗe suna kuka da wannan, domin akan kawo musu yara waɗanda karayarsu ƙarama ce, amma hannu ko ƙafa ta riga ta ruɓe, ba abin da ya rage sai yankewa. Alamun a bayyane suke, kuma ya wajaba kowane uba da kowace uwa su san su: zafin da ke ƙaruwa maimakon ya ragu, yatsu su yi sanyi, ko su yi baƙi, ko su daina jin taɓi, ko ƙuraje masu ruwa su fito, ko wari ya tashi. In an ga ɗaya daga cikinsu, a sassauta ɗaurin nan take a nufi asibiti, ko da tsakar dare ne, gama a nan awoyi ake ƙirgawa. Haka kuma in ƙashi ya huda fata ya fito, wannan aikin likita ne tun daga farko, saboda sai an wanke ciwon an yi allurar rigakafin sandarewar jiki.

Masu cewa zuwa asibiti rashin tawakkali ne, ko raina gado, sai su tuna da wanda ke kwance a Wurno. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya gina garin ya mai da shi ribaɗi, ya rasu a cikinsa a 1837, malami ne da ya wallafa littattafai a kan magani, har da na ciwon ido da na basur. Mutumin da ke ɗauke da nauyin daula bai ga neman sanin magani ya rage masa imani ba. Garin da irin wannan shugaba ya kafa bai kamata a same shi a bayan kowa wajen neman lafiya ba. Rabah kuma ita ta haifi Sardauna Ahmadu Bello, wanda a zamanin Firimiyarsa aka buɗe asibitin ƙashi na Dala a Kano a 1959.

Saboda haka ga abin da ya dace. Shi mai karaya, ya fara da hoto, sa'an nan a san ko ɗori ne ko asibiti. Ya riƙa ɗaga ƙafar bisa matashi don kumburi ya sauka, ya riƙe sanda har ranar da aka ce ya ajiye. Ya ci abin da ke gina ƙashi, irin su nono da kindirmo da ƙananan kifin gulbi da wake da zogale, ya kuma riƙa fita hantsi, domin hasken rana na taimakon jiki ya amfana da su. Mai shan taba ya bari, gama taba na jinkirta haɗewar ƙashi. In an kwance ɗauri kuma, kada ya ɗauka ya gama. Ƙafar da ta yi wata 2 ba aiki ta rame, gaɓoɓinta sun sandare. Masu gudun fanfalaki da tafiya suke farawa, su ƙara kaɗan kowane mako, in ciwo ya dawo su ja baya. Manomi da makiyayi da ɗan kokawa su yi koyi da su: tsakar gida tukuna, sa'an nan masallaci, sa'an nan gona.

Su 'yan uwa da maƙwabta, su sani yawancin masu taka karaya tun ba ta haɗe ba yunwa ce ke tayar da su, ba taurin kai ba. Magidancin da gonarsa ke jiran noma ba zai kwanta mako 8 ba sai in an tare masa. Al'adar gayya ba ta mutu ba, kuma ba inda ta fi dacewa kamar gonar majinyaci. Masu unguwanni da limamai su ne za su tuna wa jama'a wannan.

Su maɗora, girmansu zai ƙaru in suka san iyakar hannunsu. Wanda ya ce wa majinyaci ya je ya ɗauko hoto, ko ya ce wannan ta fi ƙarfinsa, jama'a za su ƙara yarda da shi. Ya kamata hakimai su tara su tare da ma'aikatan lafiya, a zauna da mutunci, a nuna musu alamun haɗari, a kuma yarda a kan irin karayar da za a riƙa turawa gaba.

Ita kuma hukuma, nauyinta ya fi na kowa. Gaskiya ne akwai asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, akwai kuma na ƙashi a Wamakko. Amma mutumin ƙauye a gabashin jihar, wanda fitinar 'yan bindiga ta sa hanya ta zama abin tsoro a shekarun nan, ba kullum zai iya ɗaukar mai karaya ya kai shi birni ba. Wajibi ne a ce asibitin kowace ɗaya daga cikin ƙananan hukumomin nan 3 yana da na'urar hoton ƙashi mai aiki, da wutar da za ta tayar da ita, da ma'aikacin da ya iya ta, da kuɗin da talaka zai iya biya. In babu wannan, duk nasihar da aka yi a sama ta zama magana ga mai hali kaɗai.

Abebe Bikila ya shiga fage da tsagaggen ƙashi bai kai ƙarshe ba, ita kuwa waccan ta ba ƙafarta kwanakinta, ta ƙara shekaru tana gudu a kanta. Mako 8 na haƙuri ba su kai shekara 40 na ɗingishi ba. Allah ya ba majinyata lafiya, ya ba masu jinya haƙuri, ya zaunar da ƙasa lafiya. Amin.