Kwali Ba Ya Tuƙa Tuwo

Malamai da 'yan'uwana ɗalibai, akwai wata cuta da ta daɗe da kama 'yan boko a ƙasar nan, wato bautar kwali. Da zarar yaro ko yarinya sun ce sana'ar girki suke so, sai iyaye da yayye su yi caa. Wasu su ce ai wannan ba aikin ɗan mutunci ba ne, wasu kuma su ce in dai ya zama dole, to sai dai a je jami'a a yi digiri. Maganar farko jahilci ce, ba zan ɓata tawada a kanta ba. Ta biyun ita nake so mu duba da idon basira, domin ta yi kama da hikima, alhali kuwa sau da yawa asarar kuɗi ce da shekaru.

Ilmin girki dai hawa-hawa ne. Na farko shi ne koyo a hannun mai sana'a, kamar yadda masu tsire da kilishi suka koya, har suka kai sana'arsu Ikko da Kumasi ba tare da takardar kowa ba. Na biyu shi ne kwalejin koyon sana'a, inda ake shekara 3 a zauna jarrabawar hukumar NABTEB, ko kuma gajeren kwas irin na cibiyar koyar da aikin otal ta NIHOTOUR, wadda ke da reshe a Bagauda ta Jihar Kano. Na uku shi ne difloma a kwalejin kimiyya da fasaha, ƙarƙashin hukumar NBTE da aka kafa a 1977: shekara 2 ƙaramar difloma, shekara 1 a bakin aiki, sannan shekara 2 babbar difloma. Na huɗu shi ne digiri, wanda ba ya gaza shekara 4, kuma galibin karatunsa a kan tafiyar da otal ne, da lissafin kuɗi, da ilmin sinadaran abinci. Wato ke nan, gwargwadon hawan mutum a wannan tsani, gwargwadon nisansa da murhu.

To, jama'a, wanda burinsa shi ne ya zama kuku, ya riƙe wuƙa da ludayi, me ya kai shi zaman shekara 4 a ɗakin lacca? Ranar da ya je neman aiki, babban kuku ba zai tambaye shi makin da ya ci ba. Zai miƙa masa buhun albasa da kaji, ya dubi agogo. Ko a Faransa, ƙasar da duniya ta sallama wa a wannan fage, takardar da yawancin masu girki ke farawa da ita ta shekara 2 ce. Eskofiye kuwa, wanda ya tsara yadda ake raba aiki a madafan manyan otal-otal, yana ɗan shekara 13 ya fara koyo a gidan abincin kawunsa da ke birnin Nis.

Amma kada masu cewa "ai mu gado muka yi" su yi saurin tafi, domin su ma da saura. Iya ɗanɗano daban, ciyar da mutum 300 ba tare da an kwantar da kowa a asibiti ba daban. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓataccen abinci na kwantar da mutum miliyan 600 a kowace shekara, yana kashe 420,000, kuma Afirka ce ta fi jin jiki. Ƙwayoyin cuta sun fi yaɗuwa a abincin da zafinsa ke tsakanin 5 da 60 a ma'aunin Salshiyos, shi ya sa ba a son dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye haka nan. Wannan, da awo, da fitar da kuɗin kowane kwano don a san riba, su ne abin da makaranta ke ƙara wa gado. Saboda haka duk mai son ciyar da jama'a, kada ya tsaya ƙasa da mataki na biyu.

Na san za a ce kwali shi ne muƙami. Ban musa ba. Mai son koyarwa, ko shugabancin otal, ko tsara abincin marasa lafiya, babbar difloma ko digiri ne hanyarsa. Daidai ruwa, daidai tsaki. Sai dai a lura, wanda ya fara daga ƙasa ƙofa ba ta rufe masa ba, don mai ƙaramar difloma da sakamako mai kyau yana iya shiga jami'a a aji biyu, ga shi kuma da sana'a a hannu wadda za ta biya masa kuɗin makaranta. Wanda ya fara daga sama kuwa, girman kai kan hana shi durƙusawa ya feraye doya a ƙarƙashin wanda bai yi rabin karatunsa ba. Sai ya tashi ba tsuntsu ba tarko.

Don haka ina kira gare mu, mu da ƙannenmu ke neman shawararmu: kafin mu aika su sayen fom, mu tambaye su, murhu kuke so ko ofis? Amsar da suka bayar ita za ta zaɓi makaranta, ba abin da maƙwabta za su ce ba. Allah ya sa mu gane.