Gayyar Masu Binciken Ƙwaƙwalwa

A unguwarmu ta Fadaman Mada wani dattijo maƙwabcina ya wayi gari hannunsa na dama da ƙafarsa sun shanye, bakinsa ya karkace. Masu zuwa gaisuwa waɗansu suka ce iska ce, waɗansu suka ce sammu. Da aka kai shi asibiti likita ya ce hawan jini ne ya taɓa ƙwaƙwalwa. To, tun ran nan na ke tambayar kaina, ta yaya likitoci suka tabbatar da wannan a kan mutanenmu, ba a kan Turawa kaɗai ba?

Ashe gayya aka yi. Daga 2014 zuwa 2017 asibitoci 15 na Nijeriya da Gana, har da Asibitin Malam Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, suka haɗu a kan wani bincike mai suna SIREN. Farfesa Mayowa Owolabi na Jami'ar Ibadan yana cikin jagororinsa, kuɗin kuwa daga Amurka suka fito. Kowane mai shanyewar ɓarin jiki sai a ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsa, a ɗebi jininsa, a yi masa tambayoyi, sa'an nan a nemo wani lafiyayye sa'ansa, jinsinsu ɗaya, ƙabilarsu ɗaya, a gwada su. Da haka aka tara majinyata 2,118, kowa da abokin gwaminsa. A 2018 aka buga sakamako: hawan jini shi ne kan gaba, nesa ba kusa ba, sa'an nan ga ciwon sukari, da barbaɗa gishiri a kan abinci, da ƙarancin cin ganye. Ba asibitin da zai iya tara mutane haka shi kaɗai.

Amma fa jama'a, tara mutane ba shi ne wuyar ba. Ni a ganina wuyar ita ce mudu. In Kano ta auna da nata mudu, Kumasi ta auna da nata, abin da aka zuba a buhu ɗaya ba wanda ya san yawansa. Kada ku ɗauka wannan tsoron banza ne. A wani bincike da aka buga a 1999, masana uku, a Portland da Albany ta Amurka da Edmonton ta Kanada, suka shirya gwada halin ɓeraye iri ɗaya, da kayan aiki iri ɗaya, a lokaci ɗaya. Duk da haka a waɗansu gwaje-gwajen sakamakon ya saɓa. Ɓera ke nan, balle mutum mai harshe da kunya, wanda in an tambaye shi gishirin da ya ke ci sai ya faɗi abin da ya ga zai yi wa likita daɗi.

Waɗanda suka fi burge ni a nan su ne wata ƙungiya ta ɗakunan bincike kimanin 20 na Turai da Amurka, International Brain Laboratory, wadda aka kafa a 2017. Kafin su taɓa ƙwaƙwalwar ɓera ko ɗaya, sai da suka zauna suka yarda da aiki guda: ɓera ya juya wata 'yar ƙafa don ya jawo hoto tsakiyar allo, in ya yi daidai a ba shi ruwan sukari. Kayan gwajin iri ɗaya, hanyar horon iri ɗaya, abin da kowa ya samu a zuba wuri ɗaya kowa ya gani. A 2025 suka fitar da taswirar aikin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa fiye da 600,000, daga ɓeraye 139 a ɗakuna 12. Suna kuma sa sunan ƙungiyar a kan takardunsu, don kada wani babba ya haɗiye ladan yaransa.

Na san akwai masu cewa wannan ɗaure masana ne, mai basira ba ya son a ce masa ga yadda zai yi. Da gaskiyarsu kaɗan. Amma mu malamai ai mun san abin. In an raba takardun jarrabawa ga masu dubawa goma, kowa ya bi son ransa, yaron da ya ci a hannun wannan zai faɗi a hannun wancan. Sabo da haka a ke zama a daidaita maki tun da fari, ba kuwa wanda basirarsa ta ragu.

Abin da ya fi damuna shi ne rabon lada. Manomi ya san in ya kira gayya, shi ma rannan zai je gonar wani. Gayyar da kullum mu ne masu ɗiban jini da cika takarda, waɗansu can su ne masu lissafi da suna, wannan ƙodago ne. Don haka duk ran da aka nemi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, ko wata makarantarmu ta Bauchi, ta shiga irin wannan aiki, ina roƙon shugabanni su rubuta sharuɗɗa tun kafin a soma: ina za a ajiye jinin, wa ke da ikon duba alƙaluman, sunan wa zai hau takarda, yaranmu nawa za a koya wa lissafin. A kuma sa cewa in an gama, wani zai dawo unguwa ya gaya wa iyalan majinyata da Hausa abin da aka gano.